Jakar Irin Keziah

A zamanin da Turawa suka fara kutsawa cikin dazuzzukan Amurka, an yi wani maharbi, Asahel Pruett, wanda ake wa kirari da "Harsashi ɗaya, nama ɗaya." Shi ya tsallako duwatsu da matarsa Keziah da 'ya'yansu uku, ya kafa ɗakin gungume a wani kwari. Mutanen ƙasar na asali sun gargaɗe shi cewa sanyin kwarin ba ya ƙyale baƙo. Bai ji ba.

A shekarar farko ƙanƙara ta rufe ƙasa wata biyar cur. Da abinci ya ƙare, Asahel ya saɓa bindiga ya shiga daji. Ba a sake ganinsa ba.

Abin da ya rage a ɗakin jaka ɗaya ce ta irin masara. Keziah ta dafa fatar barewar da suke kwanciya a kai, ta dafa ɓawon itace, amma ba ta kwance jakar ba.

Babbar 'yarta, Tamar, ta durƙusa gabanta ta ce, "Inna, ko tafi ɗaya ki dafa. Dubi ƙannena, ko kuka ba sa iyawa."

Keziah ta ce, "Wanda ya ci iri ya cinye baɗi. Kwana uku zai kai mu, sannan mu mutu duka."

A cikin ƙannen Tamar, Enos ne ya fara rasuwa. Ɗan'uwansa Lemuel ya bi shi bayan kwana shida. Ƙasa ta daskare, gatari ba ya shigarta, sai uwar ta kwantar da su bayan ɗaki ta jera musu duwatsu da hannunta.

Da ƙanƙara ta narke, ta yi shuka tana rarrafe don rashin ƙarfi. Masu ba da tarihi sun ce kunya biyu da ke daf da kaburburan sun fito da masara ja wur kamar jini, alhali irin fari ne. Da wannan masarar aka ciyar da iyalai tara da suka biyo baya, har kwarin ya zama gari, ana kiran Keziah "Uwar rumbu, mai zuciyar dutse."

Tamar ta yi aure, ta haifi goma sha ɗaya, amma ba ta sake kiran Keziah Inna ba. Keziah kuwa ta shekara arba'in tana noman masara, ƙwaya ɗaya ba ta shiga bakinta ba.

Har yau jikokin Tamar, in kaka ta yi, sukan girbe gona duka su bar kunya biyu a tsaye. Babu mai taɓa su sai tsuntsaye.