Kunnen Jita

Akwai wani mutum mai suna Habila, makaɗin jita a majami'ar garinsu. Jitar ta lantarki ce, tsohuwa tukuf, gadon mahaifinsa. A ƙarƙashin tsirkiyarta akwai ɗan maganaɗisu naɗe da wayar tagulla siririya kamar gashi. Makaɗa na ce masa fikof, shi ne kunnen jita, shi ke kai sauti ga lasifika. Da tsufa ya zo, naɗin ya saki, kunnen ya soma jin abin da ba a kaɗa ba. Ba wanda ya taɓa jitar, sai ta kama wani siririn kuka mai tada tsikar jiki.

Ran nan da rana tsaka, bayan an tashi daga koyon waƙa, Habila ya tsuguna dab da jitar, bai kashe lasifika ba. Ya raɗa wa abokinsa ƙarya a kan Damaris, mai ba da waƙa, wai an gan ta da mijin wata. Sai ga raɗar ta fito ta lasifika, a dishe, kamar daga ƙasan rijiya. Muryarsa ce, amma wayyo, sai ka ce ta matacce! Babu kowa a majami'ar sai su biyu, duk da haka ya zabura ya kashe lasifikar.

Da ya faɗa wa matarsa Rifkatu, ta ce, "Maigida, ai ba jita ce ta yi ƙarya ba. Je ka nemi gafarar Damaris."

Ina! Shi kunnen yake so ya toshe.

To, wannan kuka yana da magani, Habila kuwa ya sani, mahaifinsa ya koya masa. Akan narka kakin zuma a gwangwani, gwangwanin kuma a cikin ruwan zafi, ba a kan wuta ba. A tsoma fikof a hankali, a jira kumfa ta daina fitowa. Kakin ya riƙe wayar, kuka ya tsaya, waƙa ta saura. Amma mai jin tsoro ba ya da haƙuri. Habila ya ɗora gwangwani kai tsaye a kan garwashi har kakin ya yi hayaƙi, ya jefa kunnen ciki. Ya ji wani ɗan sauti, tsuuu, shi ke nan. Robar jikin kunnen ta lanƙwashe, wayar ta tsinke daga ciki.

Ran Lahadi ya mayar da kunnen jikin jitar, ya jona, ya kaɗa. Shiru. Ya sake kaɗawa. Tsit, ba kuka, ba waƙa. Ya ɗaga kai, ya ga wurin zaman Damaris babu kowa, gama abokin nan ya riga ya yaɗa zancen a gari. Habila ya dubi wurin, ya daɗe yana dubansa, bai ji komai a ransa ba.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Kunnen jita shi ne lamirinku. In yana kuka a cikinku, ku gode wa Allah, yana da rai. Tuba da Maganar Ubangiji su ne kaki mai ɗumi, sukan kwantar da kukan su bar muku waƙa. Amma wanda ya ƙone lamirinsa don kada ya tona masa asiri, lalle zai sami shirun da yake nema. Kada kukan ya ba ku tsoro. Ku ji tsoron ranar da za ku cuci ɗan'uwa, ku kwana lafiya lau.