Surukina Ya Ƙona Tiyuna, Ya Ce Ya Yafe Mini

Ranar Juma'a, goma sha biyar ga watan Nuwamba na shekarar 2024, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, surukina Injiniya Mu'azzam ya fara zaluntata, kuma har yau zaluncin bai tsaya ba.

Mu'azzam mijin 'yata Rabi ne. Injiniyan lantarki ne a wani kamfanin gine-gine a nan Riyad, ita kuma nas ce a sashen tsofaffi na wani asibiti. Ba zan ce mugu ne ba. Yana riƙe da iyalinsa, kuma hannunsa a buɗe yake. Aibinsa biyu ne. Ba ya iya jira, kuma bakinsa bai taɓa iya furta "ni ne na yi" ba.

Ni sunana Malam Mijinyawa. Shekara talatin da uku na yi ina koyar da fiziks a Funtuwa kafin na yi ritaya. Tun ina saurayi nake harkar rediyon oba-oba ta masu sha'awa, wadda mutum ke zama a ɗakinsa ya yi magana da wani a wata ƙasa ba tare da waya ba. Bayan rasuwar uwargidana, Rabi ta kawo ni gidansu da ke kusa da unguwar Al-Murabba da bizar ziyara. A nan Mu'azzam ya ga littattafaina, harkar ta shiga ransa. Ni na koya masa har ya ci jarrabawa ya sami lasisinsa. Wata bai cika ba ya sayo amfilifaya mai ƙarfin wat dubu ɗaya, da tiyuna mai aiki da kanta.

Dole in yi bayani kaɗan, domin hukuncin maganar a nan yake. Amfilifaya tana ƙara wa murya ƙarfi ne don ta yi nisa. Tiyuna kuwa ita ce ke daidaita tsakanin rediyo da eriya, don kada ƙarfin da aka tura ya dawo baya ya yi ɓarna. Cikinta cike yake da ƙananan makunnai. Idan tana neman daidai, za ka ji su suna ƙas-ƙas-ƙas na daƙiƙa biyar ko shida, sannan su yi tsit. A wannan ɗan lokaci ƙarfi kaɗan ake ba ta, wat goma zuwa ashirin, amfilifaya tana ajiye a kan jira. Sai ta yi shiru, allurar ma'auni ta kwanta, sannan a buɗe amfilifaya a riƙa ɗaga ƙarfi a hankali. Wanda ya sakar mata wat dubu makunnai na tsakiyar motsi, wuta za ta yi tsalle a tsakaninsu ta narka su.

Na rubuta waɗannan matakai a kati, na manna a jikin tebur, kamar yadda nake yi wa kowane gwaji a ɗakin kimiyya. Mu'azzam ya karanta ya yi dariya.

Ya ce, "Baba, wannan fa otomatik ce. Zamanin murɗa-murɗa ya wuce."

Na ce, "Ita ke nemo daidai da kanta, Injiniya, amma ba ita za ta yi maka haƙuri ba."

A gida bai taɓa ganin illar gaggawarsa ba, domin tiyunar ta riga ta haddace eriyar da ke saman benenmu, tana daidaitawa nan take. Wannan ya ƙara masa yarda cewa katina tsoron tsofaffi ne kawai.

A ranar da na ambata, ƙungiyarmu ta 'yan Nijeriya mazauna Riyad ta kama istiraha a bayan gari, irin gidan shaƙatawar nan mai katanga da ake haya don taro. Mu'azzam ya yi shelar zai nuna wa jama'a yadda ake magana da gida ta iska. Muka loda kaya a mota. Muka ɗaura sabuwar wayar eriya daga bishiyar dabino zuwa tankin ruwa. Tun muna ɗaurawa na tuna masa cewa tiyuna ba ta san wannan wayar ba, sai ta nema daga farko. Ya ce, "Tamam, Baba, na ji," idonsa na kan ƙofa yana duban manyan baƙi.

Bayan la'asar aka ci kabsa, dafa-dukan shinkafa da nama irin na Larabawa, maza kusan arba'in suka taru a bayanmu. Ni ne a kan kujera, Mu'azzam na tsaye a kafaɗata ta dama da makirfo a hannu. Ina murɗa rediyo sai ga muryar wani mutum daga Kaduna, tana zuwa tana ɗaukewa. Wuri ya kaure.

"Kai! Wallahi Hausa yake yi!"

"Injiniya, ka ce masa ya gai da mutanen Tudun Wada!"

Na sa wat goma sha biyar, na danna tiyuna. Ta fara ƙas-ƙas ɗinta.

Mu'azzam ya sunkuyo ya ce, "Baba, zai tafi fa."

Na ce, "Jira."

"Yalla, Baba, yi sauri, mutane na kallo."

Idona na kan allura. Sai na ga hannunsa ya zuro ta gefen kafaɗata, ya ture maɓallin amfilifaya daga jira zuwa aiki, ya murɗe ƙarfi har ƙarshe. Ƙara ɗaya aka ji, tas! Hayaƙi mai ɗoyin ƙonannen roba ya fito daga tiyuna, fitilun amfilifaya suka mutu. Ya janye hannunsa kafin hayaƙin ya kai rufi.

Jikinsa ya kare wa jama'a tebur. Mutum ɗaya ne ya gani, Sha'aban, dattijon direba a kamfaninsu Mu'azzam, wanda ke tsaye ta gefe yana zuba gahawa. Mun haɗa ido da shi.

Na buɗe baki zan yi magana, Mu'azzam ya riga ni. Ya dafa kafaɗata, ya ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji.

Ya ce, "Ma'alesh, Baba. Kada ka damu ko kaɗan. Kaya ne, ana sayen wasu. Shekaru ne, kowa zai je. Wallahi na yafe."

Jama'a suka ɗauka. Wani ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Injiniya. Irin wannan suruki sai an tona." Wani ya matso ya riƙe hannuna ya ce, "Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya."

Na miƙe na ce, "Ba ni na taɓa maɓallin nan ba."

Shugaban ƙungiya ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Malam, ai an ce an yafe. A kawo wa Baba ruwa."

Da maganar ta tsaya a istiraha, da na haɗiye. Amma labari ya tsallaka ɓangaren mata kafin magariba, kuma a kunnen nas ya sauka. Rabi ta yi shekara tara tana jinyar tsofaffin da ƙwaƙwalwarsu ta fara rikicewa. Washegari na same ta tsaye a gaban teburina tana karanta katin nan, idonta ya kawo ruwa. Ta buɗe littafin da nake rubuta kowace hira ta rediyo da ranarta da lokacinta, kamar yadda kowane mai wannan harka yake yi.

Ta ce, "Baba, tun yaushe ka fara rubuta abubuwa don kada ka manta?"

Na ce, "Tun kafin a haife ki."

Ta ce, "Haka suke cewa, Baba. Dukkansu haka suke cewa."

Na gaya mata abin da mijinta ya yi, dalla-dalla. Ta saurare ni da irin fuskar da take sauraron majinyata. Daga baya na ji tana gaya wa ƙawarta a waya cewa zargin na kusa yana cikin alamomin farko.

Aka kai ni wurin likita. Ya sa na zana agogo, ya ba ni kalmomi uku in riƙe, ya ce in riƙa cire bakwai daga ɗari. Ban kuskure ko ɗaya ba. Ya yaba, sannan ya juya ya gaya wa Rabi da Turanci, kamar ba na ji, cewa masu ilimi sukan ɓoye ciwon a farkonsa, a dawo da ni bayan wata shida.

Daga ranar aka karɓe mabuɗin gida daga hannuna. Aka hana ni kunna gas in dafa shayi. Masallacin da ke ƙarshen layinmu ma sai da rakiya. Rediyota, wadda na zo da ita daga Funtuwa kuma ko ƙwarzane ba ta yi ba, aka naɗe ta aka ɗora a saman kabad. Duk lokacin da na ambaci rana da ƙarfe nawa abin ya faru, sai su kalli juna. Na gane cewa duk hujjar da na kawo, a lissafin ciwo ake saka ta.

Na sa aka kai ni unguwar Batha wata Juma'a, na sami Sha'aban a wani shagon shayi inda direbobi ke zama.

Na ce, "Malam Sha'aban, ka gani ko ba ka gani ba?"

Ya daɗe yana juya kofi. Ya ce, "Na gani, Malam. Da idona."

"To ka zo ka faɗa wa 'yata."

Ya ce, "Malam, iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a hannun kamfani take, kuma Injiniya ke sa hannu a takardar sashenmu. 'Ya'ya bakwai gare ni a Gumel. In an tambaye ni a gaban Allah zan faɗa. A gaban mudir, shugabanmu na wurin aiki kuwa, ka yi mini rai."

Ban ga laifinsa ba, kuma ina roƙon kada wanda ya karanta wannan ya taɓa abincinsa.

Saura mutum ɗaya. Na tare Mu'azzam a falo wata rana da rana, Rabi na wurin aiki. Tsakanin suruki da suruki akwai kunya, kuma ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ranar ma ban ɗaga ba.

Na ce, "Injiniya, mu biyu ne a nan. Wa ya ture maɓalli?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, abin ya riga ya wuce."

"A wurinka ya wuce. Ni ko shayi ba na iya dafawa."

Ya ce, "In na faɗa yanzu, da wane ido zan kalli mutane? Injiniyan lantarki guda? Ita kanta Rabi me za ta ɗauke ni? Ka yi haƙuri, Baba, zan sayo maka duk abin da kake so."

Na ce, "Hankalina nake so a mayar mini."

Ya ɗauki mabuɗin mota ya fita.

A watan Janairu ya sayo sabuwar tiyuna da amfilifaya, ya kai su ɗakin da kamfani ya ba shi a wurin aiki, don kada in gani. Sati biyu suka yi. Ya canja eriya, ya sake sakar musu wuta kafin makunnai su tsaya, suka bi na farko. Sha'aban ne ya kwashe gawarsu a bayan mota. Tun daga nan Mu'azzam bai sake taɓa makirfo ba. In an tambaye shi sai ya ce aiki ya yi yawa. Ya rasa harkar da yake so, ya rasa mai koya masa, kuma kullum sai ya zauna cin abinci da matar da ke kukan ciwon da ya san babu shi.

Ni kuwa an yanke shawarar ba za a sabunta bizata ba. Sun ce hayaniyar birni na ƙara rikita ni. Ranar Talata mai zuwa za a kai ni Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, a haɗa ni da ma'aikacin da zai tura ni a keken marasa lafiya, ni da ke hawa bene hawa uku da ƙafata. Rabi ta riga ta kira ƙanena a Funtuwa ta gaya masa kada a bar ni ni kaɗai, kada a bar ni kusa da wuta. Labarin zai riga ni isa garin da na koyar da rabin injiniyoyinsa. Na san yadda za a karanta wannan rubutun ma. Za a ce dubi tsawonsa, dubi yadda ya riƙe ranaku, ciwon ya yi nisa. Duk da haka na rubuta.

Darasin da ke cikin labarin nan a fili yake. Na'ura mai aiki da kanta ba ta ɗauke wa mutum haƙuri, kuma wanda ya ƙi jiran ɗan lokaci saboda idon jama'a zai yi ɓarnar da gyaranta ya fi ƙarfinsa. Amma gaggawa kaya kawai take ƙonawa. Ƙin amsa laifi shi ne ke cin mutum, domin laifin da mai shi ya ƙi ɗauka ba ya ɓacewa, kan wani marar ƙarfi yake komawa. Ku masu jinya da masu tsofaffi a gida, ku bincika kafin ku kira gaskiyar dattijo ciwo. Kai kuma Mu'azzam, ba na son kaya, ba na son ban haƙuri a ɗaki. A gaban mutum arba'in ka yafe mini abin da hannunka ya aikata. Ina neman ka tsaya a gaban waɗannan mutum arba'in ɗin, Rabi tana ji, ka ce kai ne ka ture maɓallin, ka ce hankalina ƙalau yake, sannan ka nemi gafarata da bakinka. Kana da daga yau zuwa Talata.