Maɓallin da Ke Ƙarƙashin Kujera

Akwai wani matashi da kowa ke kira Injiniya, har mahaifiyarsa. Ya karanci harkar inji, yana aiki a babban gareji inda kwamfuta ke faɗin ciwon mota.

Mahaifinsa tsohon malamin makaranta ne. Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohuwar bas mai amfani da fetur, ya cire kujerun baya, ya kafa gado da ɗan kabad da risho. Duk damina shi da matarsa, Umma, sukan tafi bakin wani tafki su yi kwana uku.

Wata safiya ɓarin jikin Baba ya shanye. Hannun dama ya mutu, harshe ya karye. Motar ta yi wata takwas a tsakar gida, ƙura ta rufe gilashinta.

Da jiki ya ƙara tsanani, likita ya ce in akwai abin da yake so, a yi masa. Baba ya nuna motar ta taga. Umma ta gane, tafkin yake son sake gani.

Injiniya ya ce, "Aikin awa ɗaya ne."

Ya sa sabon batir, ya murza makulli. Injin ya yi ta juyawa, ya ƙi kamawa. Ya canza fulogi. Ya zubar da tsohon fetur ya zuba sabo. Ya canza matatar mai. Ya jona kwamfutarsa, ba ta nuna komai ba.

Kullum da yamma Umma takan turo Baba a keken marasa lafiya ta ajiye shi a inuwa. Yana kallon ɗansa, yana buga gefen kekensa da hannun hagu, yana cewa, "Ƙa... ƙasa."

"Baba, na duba ƙasan motar sau uku."

Baba ya sake bugawa, yawu na zuba a gefen bakinsa.

Ran kwana na tara Injiniya ya sa sabon famfon mai, motar ta ƙi tashi. Baba ya fara bugun keken. Injiniya ya jefar da sifana ya ce, "Umma, don Allah shigar da shi ciki. Yana raba min hankali. Wannan ba aikin allo da alli ba ne."

Baba ya sauke hannunsa a cinya. Bai sake neman a fito da shi ba. Bayan kwana huɗu ya rasu.

Da baƙi suka watse, Injiniya ya ce zai sayar da motar ga masu yanka ƙarfe. Umma ta ce a bar ta ta zauna a ciki ko sau ɗaya. Ta hau mazauninta, ta ce, "Zo ka sake gwadawa, in ji ƙararta kawai."

Ya shiga ya kama makulli.

Ta dube shi ta ce, "Ba haka babanka ke yi ba. Shi sai ya sunkuya ya gyara kujerarsa tukuna. Har tsiya nake masa, in ce wa ya taɓa maka ita?"

Injiniya ya zura hannun hagu ƙarƙashin kujera. Yatsansa ya taɓa wani ɗan maɓalli da aka ɗaure da salatif. Baba ne ya haɗa shi saboda ɓarayi, yana yanke wutar famfon mai. Ya danna, ya ji famfon ya yi ɗan gunji a baya. Murzawa ɗaya, injin ya tashi.

Ya kifa kansa a sitiyari. Da ƙyar ya ce, "Umma, ya gaya min. Kwana tara yana gaya min."

Umma ta kalli gaba, hawaye na bin kumatunta. Sannan ta ce, "Ni ma shekara bakwai ina zaune a nan ban tambaye shi ba. Kashe ta, ɗana. Ba inda za mu."

Darasi: Ilimi ba ya hana ka sauraro. In tsoho yana ƙoƙarin gaya maka wani abu, ajiye abin hannunka ka durƙusa kusa da shi har ka fahimta, domin ba kullum zai kasance ba. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye.