Dokin Ƙofar Iya Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku. Ban ji amsa ba fa! Yawwa, ta zo mu ji ta. Kai mai tsokanar wuta, ajiye karan nan ka matso.

Samari da 'yan matan dawa ne suka yi gayya. Ɗakin tsohuwa Iya Kunkuru ya zube, ga damina ta kawo kai, sai Zalɓe, sarkin samari, ya tara su: Barewa, Gada, Jimina, duk dogaye masu ƙafa kamar taɓarya. Kurege ma yana ciki, amma ina! Ana kwaɓa ƙasa, yana gun ƙwaryar fura. Ana ɗora jinka, yana gun ƙwaryar fura. In aka ce, "Kurege, miƙo tubali," sai ya ce bayansa ya riƙe. Bakinsa kuwa bai taɓa riƙewa ba.

Ɗaki ya yi kyau, ba ƙarya. Suka yi masa dokin ƙofa mai tsayi don kada ruwa ya shiga. Suka ɗauki Iya cak, da kiɗa da shewa, suka ajiye ta a ciki tare da buhun gyaɗarta, kowa ya kama gabansa.

Buhun nan fa ya hana Kurege sakat. Ta ƙofa za a gan shi, sai ya zaga baya, ya haƙa, ya haƙa, ya ɓullo cikin ɗaki. Ya kai hannu ke nan sai ya ji murya a dishe: "Wane ne? Maigidana ne?" Haka take kiransa tun yana ƙarami, wasan kaka da jika.

Ya duba. Tulu ya ƙafe ƙaf. Iya tana gindin dokin ƙofa, duk ta kankare shi da farce. Ashe tun ranar da aka sa ta ciki ba ta iya fita ba.

Kurege ɓarawo ne, ban ɓoye muku ba, amma ranar nan sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya faɗaɗa ramin, ya fito da ita, ya kai ta rafi ta sha ta ƙoshi.

Ya ce, "Iya, bari in je in wanke dogayen nan tas!"

Ta ce, "Kul! Yara sun sha rana saboda ni. Kada ka kunyata su. Rantse ba za ka faɗa ba."

Ya rantse, bakinsa cike da gyaɗa. Daga nan kullum yana hanya. Ya ci gyaɗa, a yi hira, ya ci gyaɗa, a yi hira.

Da aka kwana biyu, Zalɓe ya kira zaman bita a gindin tsamiyar ƙofar gidan Iya, a duba abin da ya yi kyau da abin da ya ɓaci. Barewa ta yabi yaɓe. Jimina ta yabi jinka. Zalɓe ya yabi dokin ƙofa, don da ƙafarsa ya auna shi. Ba wanda ya tuna da mai ɗakin. Can Gada ta zaga baya, ta dawo a guje.

"An ɓarka mana gini! Ga rami, ga ɓawon gyaɗa, ga gashin jela!"

Ido ya koma kan Kurege. Kurege ya zauna a kan jelarsa.

Ya ce, "Taga ce."

Zalɓe ya ce, "Taga a ƙasa?"

"Ta gajeru ce."

"Ɓawon gyaɗar fa?"

"Ado."

Zalɓe ya miƙa wuya ya ce, "Ba ka yi aiki ba, ka kuma ɓata na mutane. Daga yau ba ka cikinmu. Ba mai zuwa gayyarka, ba mai kiran sunanka a dandali. Ramin kuwa yanzu za a cike shi."

Korar ta yi wa Kurege ciwo, don duk ha'incinsa yana son 'yan'uwansa. Amma cike ramin ya fi ciwo, don in aka cike, Iya ta koma kurkuku. Ga rantsuwa a wuya.

Ya sosa kunne ya ce, "Ranka ya daɗe, na yarda. Sai dai ba a gama bita ba. A kira mai ɗaki ta fito ta ƙofa, ta sa wa aikin albarka."

Zalɓe ya ɗaga murya: "Iya! Fito ki sa mana albarka!"

Shiru. Sai ƙarar farce, ƙarat, ƙarat. Kan Iya ya ɗan leƙo, ya zame ya koma. Shiru kuma. Can sai ga Iya ta zagayo daga bayan ɗaki, sannu sannu, ƙasa buɗu-buɗu a bayanta.

Ta ce, "'Ya'yana, ɗaki ya yi, Allah ya yi muku albarka. Dokin ne dai. Ina ni ina hawan doki da tsufana?"

Zalɓe ya dubi ƙafafunsa, ya dubi na Iya, kunya ta rufe shi.

Nan take Kurege ya miƙe yana kaɗa jela: "Kun gani? Ni tun farko na hango, shi ya sa na..."

Iya ta ce, "Rufe mana baki, maigida. Gyaɗa ce ta kawo ka." Sai ta juya ga sauran, murya ƙasa-ƙasa. "Gyaɗa ce ta kawo shi. Amma shi kaɗai ya dawo."

Barewa ta share ido. Zalɓe ya ɗauko fartanya, ya sassare dokin ƙofar da kansa har ya kwanta daidai ƙafar Iya. Maganar kora kuwa ba wanda ya sake tayar da ita. Da suka zo cike ramin, Iya ta hana.

Ta ce, "Ku bar shi, ƙofar maigidana ce. Shi bai saba shiga ta gaba ba."

Kurunkus kan ɓawon gyaɗa! Wanda zai yi wa tsohuwa gini, ya auna da ƙafarta. Wanda kuma zai saci gyaɗarta, to ya zauna a yi hira.