Lirwanu da Tambayar da Ba Mai Amsawa

Akwai wani mawaƙi a Danchadi, can ƙasar Bodinga, ana ce masa Lirwanu. Wannan labari ya faru ne zamanin siyasar jamhuriya ta biyu, lokacin da kaset ya fara shiga kowane gida.

Lirwanu Allah ya ba shi murya. Idan ya ɗaga ta a gonar gayya, mai noma a ƙarshen fadama sai ya ji kamar a kunnensa ake yi. Amma ba shi kaɗai yake ba. Akwai Attahiru mai kalangu, da Husaini da Tukur 'yan amshi. Tare suka tashi, kuma duk inda aka kai musu abinci, akushi ɗaya suke sa hannu. Sunan ƙungiyarsu Samarin Fadama.

Salonsu daban ne. Sun ɗauki kiɗan noma sun ƙara masa sauri, har samari suka ƙirƙiro masa rawa. Waƙarsu kuma tambaya ce da amsa. Lirwanu ya jefa: "Mai galma, ina ka kwana?" Husaini da Tukur su cafe: "Na kwana gona, gero ka kira na!"

Idan za su wasa mutum, haka suke yi. Lirwanu ya ce, "Ɗan wa ne kai?" Husaini ya zubo sunan uba da kaka da garin da suka fito. Ya ce, "Mi ka yi ma jama'a?" Husaini ya kawo rijiyar da mutumin ya gina, ko marayan da ya riƙa.

To ina Husaini yake samo wannan? Da ƙafarsa. Kafin kowane wasa sai ya riga kowa isa garin, ya durƙusa gaban dattijai, ya gaida tsofaffin mata, ya tambayi asalin mai taron. Lirwanu kan yi masa dariya ya ce, "Ga sarkin yawon gulma nan ya dawo."

Wata rana wani mai sayar da kaset a kasuwar Shagari, Ɗanladi, ya ɗauke su da rakoda a wajen wani biki. Jama'a, kafin a yi girbi kaset ɗin ya gama ƙasa. Tasha shi, teburin mai shayi shi, motar Sakkwato shi. Yara a Lambara suna kora awaki suna "ina ka kwana". Samarin Fadama suka yi tashe, tashe na gaske.

Daga nan ne kan Lirwanu ya fara kumbura. Ɗanladi ya sa hotonsa shi kaɗai a bayan kaset na biyu, yana ce masa, "Muryarka aka saye, maigida. Amshi kowa na iya yi." Shi kuwa gogan naku ya hau ya zauna.

Ya ɗinka babbar riga, ya sayi baƙin tabarau. Aka kira su gayya ya ce shi ya wuce waƙar cikin ƙasa. Ranar da abin ya fito fili kuwa, a wani suna ne a Bodinga. Aka kawo akushi, ya dubi mai kawowa ya ce, "Nawa a zuba mini daban."

Attahiru ya ɗago kai. "Lirwanu, yaushe munka fara haka?"

"Yau," in ji shi. "Kuma ku ji da kyau. Siyasa ta taho, manya ka kira na. Ina son yara 'yan birni masu tsabta a bayana, ba masu faso a ƙafa ba."

Tukur ya zabura zai yi magana, Husaini ya dafa masa gwiwa. Ya ce, "Ba komi. Allah shi ba da sa'a." Suka cinye tuwonsu su uku, suka tashi.

Da labari ya kai ga mahaifiyarsa, Inna Fatu, ta aika aka kira shi. Ta ce, "Lirwanu, yaran nan a zaurena kunka koyi kiɗa da gwangwani. Ka je ka ba su haƙuri tun magana ba ta yi nisa ba."

Ya ce, "Inna, ba ki san harkar zamani ba."

Ta ce, "Ban sani ba kam. Amma na san ɗana."

Zaɓe ya matso. A lokacin rayuwa ta yi tsanani, shinkafa da sabulu da madara sai an bi layi, wani lokacin a kai gaba a ce sun ƙare. Wani ɗan takara, Alhaji Muhammadu, ya shirya babban taro a filin kasuwar Bodinga. Ya aika wa Lirwanu sabon babur tun kafin ranar, ya ce yana son waƙarsa ta musamman. Wannan ita ce damar da Lirwanu ke jira. In ya ci wannan taro, ya zama mawaƙin manya ke nan.

Ya ɗauko yara huɗu daga Sakkwato da makaɗi na haya, ya yi musu anko. Sun haddace kaset tsaf. Da aka fara da tsofaffin waƙoƙi, wallahi wuri ya ɗauka, har ƙasa na motsi don rawa. Lirwanu ya gyara tabarau, a ransa yana cewa ina Husaini ya zo ya gani.

Sai sanƙira ya karɓi lasifika ya ce, "Yanzu kuma waƙar mai girma Alhaji!"

Lirwanu ya juya wajen rumfar manya, ya cika ƙirji, ya jefa kamar yadda ya saba: "Alhaji Muhammadu, ɗan wa ne kai?"

Yaran suka dubi juna. Wannan babu shi a kaset. Ba wanda ya je ya tambayi dattijai, cikin yaran ba wanda ya ma san ana zuwa. Sai suka yi abin da suka iya, suka maimaita da ƙarfinsu: "Ɗan wa ne kai? Ɗan wa ne kai?"

Subhanallahi! Ku duba fa, a tsaya gaban dubban mutane ana tambayar dattijo uban da ya haife shi, kuma ba amsa. Fuskar Alhaji ta canza.

Lirwanu ya waiwaya ya dubi yaran. Shi kansa bai san sunan uban Alhaji ba, bai taɓa buƙatar ya sani ba. Don ya gyara, bakinsa ya tafi inda ya saba zuwa: "Mi ka yi ma talakawa?"

Yaran suka ɗauka: "Mi ka yi ma talakawa? Mi ka yi ma talakawa?"

Daga can baya wata tsohuwa da ta sha wuni a layin shinkafa ta ɗaga murya ta ce, "Ba komi!" Fili ya kece da dariya, samari suka mayar da ita amshi, makaɗin haya kuma bai daina kiɗa ba.

Da ƙyar aka fitar da Lirwanu ta bayan rumfunan kasuwa, hula ta faɗi, tabarau ya karye. Kafin la'asar yaran Alhaji sun zo sun tura babur ɗinsu. Ba wani ɗan siyasa da ya sake nemansa, don kowa na tsoron a tambaye shi uban da ya haife shi. Ɗanladi ma ya sauke hotonsa daga rumfa. Ba a jima ba sojoji suka karɓi mulki, tarukan siyasa suka mutu gaba ɗaya.

Lirwanu ya koma ɗakin Inna Fatu ya lafe. Kunya ta hana shi ko zuwa kasuwa.

Da damina ta kama, wata safiya ya ji kalangu daga wajen Lambara. Ya san hannun, na Attahiru ne. Inna Fatu galmar mahaifinsa kawai ta ɗauko ta jingina a bakin ƙofa.

Ya isa gonar gayya hantsi ya ɗaga. Ya tarar da abokansa su uku suna kiɗa. Ba su ɗauki wani mawaƙi ba. Attahiru ne ke yin tambayar da kalangu, Husaini da Tukur na amsawa. Gurbinsa na nan a buɗe, kamar ya je shan ruwa ne zai dawo.

Bai nufi wajen makaɗa ba. Ya tuɓe riga, ya shiga ƙarshen layin manoma ya duƙa. Hannun da ya manta aiki ya yi bororo, ya fashe, bai ɗago ba.

Can Husaini ya ɗaga wa Attahiru hannu, kiɗa ya sassauta. Mutumin da bai taɓa jefa tambaya ba tun da aka kafa ƙungiyar, ranar ya jefa: "Mai galma na ƙarshen layi, ɗan wa ne kai?"

Manoma suka tsaya. Lirwanu ya miƙe, hawaye na bin ƙurar fuskarsa, ya amsa da muryar nan tasa: "Ɗan Fatu ne na Danchadi, wanda ya yar da 'yan uwansa, kunya ta kawo shi!"

Husaini da Tukur suka cafe tun bai rufe baki ba: "Ya dawo gida, a matsa mai wuri!"

Gona ta ɗauki sowa. Da aka kawo abincin gayya, Lirwanu ya tsaya daga gefe yana jin nauyi. Attahiru ya tura akushi tsakiya ya ce, "Kai, wanke hannu ka taho. Ko har yau daban za a zuba maka?"

Kaset ɗin da suka yi bayan girbin shekarar ya fi na farko tashe, kuma fuska huɗu ce a bayansa. Duk garin da za su yi wasa kuwa, mutum biyu ne ke riga kowa isa su durƙusa gaban dattijai, Husaini a gaba, Lirwanu a bayansa.

Darasi: Idan Allah ya ɗaukaka ka, kar ka ɗauka muryarka kaɗai ake ji. Akwai waɗanda ke cika maka magana, suna yi maka wahalar da ba ka gani, kuma ranar da ka kore su za ka san nauyin abin da suke ɗauke maka. In kuwa kai aka wulaƙanta, yi haƙuri irin na Husaini, ka bar ƙofa a buɗe. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, musamman wanda ya fara cewa a zuba masa nasa daban.