Ladanin Da Ya Manta Salla Ta Fi Barci

Akwai wani ɗalibi mai suna Basharu a wata makarantar kwana a Gwandu, wajen 1989. Allah Ya ba shi murya, in yana karatu har masu girki sai sun tsaya saurare. Don haka a ransa ya gama naɗa kansa ladanin masallacin makaranta.

Sai Malam Atiku, malamin addini, ya ba Siddiƙu ladancin, wani ɗan Kalgo mai murya kamar ana jan kwano a ƙasa. Abin ya tsaya wa Basharu a rai. Ya daina gaishe da Siddiƙu, ya riƙa kwaikwayon kiransa a ɗakin kwana ana dariya.

Shi kuwa gogan naku Basharu, sahun gaba yake a Azahar da La'asar, lokacin da idon jama'a ke kansa. Asuba kam sai rana ta fito yake dungura ta a gurguje.

Rannan hassada ta kai shi gaban Malam.

"Malam, wanga yaro na ba mu kunya. Mutanen gari na jin mu hwa."

Malam ya dube shi, ya ce, "To, gobe kai za ka kira Asuba."

Washegari Siddiƙun da yake wa ba'a shi ne ya tashe shi. Basharu ya miƙe ya saki murya, kai, abin da daɗi! Amma da ya gama "Hayya alal falah" sai ya ja numfashi zai zarce kabbarar ƙarshe. Siddiƙu ya matso ya raɗa masa, "Assalatu hairun minan naum." Wato salla ta fi barci, kalmar da kiran Asuba kaɗai ke da ita.

Basharu ya maimaita, kunya kamar ya nutse.

Bayan sallama Malam ya kira shi gefe. "Murya kana da ita. Amma baki ba shi hwaɗin abin da kunne bai saba ji ba."

Ladanci ya ci gaba da zama a hannun Siddiƙu. A ƙofar masallaci Basharu ya riƙo hannunsa, kai a ƙasa.

"Don Allah gobe ma ka tashe ni."

Darasi: Baiwa ba ta maye gurbin ibadar kullum, kuma wanda kake wa hassada wataƙila shi zai rufa maka asiri. Ku tura wa iyaye da malamai, a saba wa yara da Asuba tun suna ƙanana.