Muryar da Usama Bai Taɓa Ji Ba

Akwai wani matashi a unguwar Lamisula da ke Maiduguri mai suna Usama, marubucin waƙa ne kuma mai haɗa kiɗa. Tsakani da Allah, yana da baiwa. In ya zauna gaban kwamfuta ya haɗa kiɗa, ko haushinsa kake ji sai ka kaɗa kai.

Sai dai fa yana da wani hali. Duk waƙar da ya rubuta, shi zai fara rerawa da bakinsa ya naɗa, sannan ya sa wa mawaƙiya a kunne ya ce ta bi sawunsa. Inda ya ja, ta ja. Inda ya numfasa, ta numfasa. Ta kuskura ta ƙara wani abu nata, nan take zai kashe kiɗan.

"Ke, wa ya aike ki? Yadda na yi za ki yi."

Can wajen Old Maiduguri kuma akwai wani mai irin sana'arsa, Pindar. Kayan aikinsa ba su kama ƙafar na Usama ba. Shi kuwa ba ya rubuta ko baiti ɗaya sai mawaƙiya ta zauna ta rera masa abin da ranta yake so, yana saurare ido a rufe. Daga nan ne zai ɗinka mata waƙa daidai muryarta.

'Yan gari kullum cikin gardama suke a kansu. Wasu su ce kiɗan Usama ya fi daɗi, wasu su ce waƙar Pindar ta fi shiga rai. In maganar ta iso kunnen Usama sai ya yi tsaki.

"Pindar? Wannan ai ɗan kallo ne. Mata ne suke koya masa aiki."

To, a hankali mawaƙan Usama suka fara zamewa. Hassana ta tafi, Susanna ta bi bayanta. Sutudiyon da a da sai ka rasa wurin ajiye takalmi ya koma shiru, abinci ma shi kaɗai yake ci. Mutum ɗaya ta rage masa, Muhsinat, 'yar Konduga mai haƙurin gaske. Shi kansa ya san cewa duk ranar da ta tafi, sai dai ya rufe sutudiyon.

Wata rana suna cikin aiki ta ce, "Ya Usama, don Allah ka bar ni in yi amshin nan sau ɗaya yadda kakata take lanƙwasa murya a gidan biki. In bai yi ba, ka goge."

Ya ce ta yi. Ta rufe ido ta rera da dukkan zuciyarta. Shi kuwa gogan naku yana can yana latsa waya, ko ɗago kai bai yi ba. Tana gamawa ya goge a gabanta.

"Kin huce? To mu koma aiki. Nan ba ƙauye ba ne."

Muhsinat ta cire abin sauraron daga kunnenta, ta ajiye a hankali. Ta ce, "Wushe, na gode, Ya Usama. Allah ya saka da alheri." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ya ce a ransa za ta dawo. Kullum ya share sutudiyo, ya goge makirufo, ya zauna yana kallon ƙofa. Waƙoƙi ya rubuta su jibge, babu mai rerawa. Kaɗaici ya dame shi sosai, amma girman kai ya hana shi ɗaga waya.

Bayan wani lokaci, ya hau keke Napep zai je kasuwa. Direban ya saki wata waƙa. Kiɗan ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, amma muryar, wayyo Allah! Tana hawa tana lanƙwasa, har wata tsohuwa da ke gefensa ta share ido da bakin mayafi. Tsigar jikin Usama ta tashi. Ya ce a ransa, in ya samu wannan yarinya, ya warke.

Ya taɓa kafaɗar direban. "Malam, wace ce wannan? A ina zan same ta?"

Direban ya waigo. "Kai baƙo ne a garin nan? Muhsinat ce mana, ta wajen Pindar."

Usama ya janye hannunsa daga kafaɗar direban. Shekara da shekaru tana tsaye a gabansa, amma bai gane muryarta ba.

Bai ƙarasa kasuwar ba, ya sauka ya koma Lamisula. Ya kunna kwamfuta yana neman ko guntun abin da ta taɓa rerawa yadda take so. Babu, duk ya goge da hannunsa. Ya kunna waƙoƙin Hassana, ya kunna na Susanna, ya kunna na Muhsinat. Duk salo ɗaya, numfashi ɗaya, nasa. Ashe tun ɗakin yana cike da mutane, kansa kawai yake saurare.

Ya kashe sifika, ya zauna shi kaɗai.

Darasi: Komai gwanintarka, in ba ka sauraron waɗanda kuke aiki tare, wata rana za ka waiga ka ga babu kowa, kuma wani ne zai amfana da baiwar da ka raina. Ka ba na kusa da kai dama su yi magana tun suna gabanka. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki, wataƙila akwai mai buƙatar jin wannan yau.